Ruwan falona ya fi Bahar Maliya gishiri

Duk wanda yake kiwon murjani a tankin gilashi in ya ce maka yana canza ruwa duk sati, ka ce masa ya rantse. Wallahi ba zai rantse ba, sai dai ya fara kame-kame, ai ka san kwanan nan aiki ya yi yawa. Na san su ciki da waje don ni ma ɗan ƙungiyar ne, kuma ba ƙaramin mamba ba.

A Jidda nake zaune da iyali. Abin ya samo asali ne ranar da na kai yara Fakieh Aquarium da ke bakin teku, suka ga kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane suka ce su dai a saya musu, ni kuma na hango murjani yana rausaya a ƙarƙashin shuɗiyar fitila shi ke nan zuciyata ta tafi. Ana cikin haka wani abokin aikina ɗan Filifin zai koma gida, ya sayar min da tankinsa mai cin lita 200 da komai da komai a farashin da na ɗauka na ci banza. Sai da na je shagon masu kayan na gane ashe banzar ce ta ci ni.

Mai shagon wani dattijo ne ɗan Masar, ya zaunar da ni ya min karatu. Ya ce murjani fa dabba ne, ba dutse ba kuma ba fure ba, akwai wasu mitsi-mitsin tsirrai da ke zaune cikin naman jikinsa suna haɗa masa abinci da haske, in ransa ya ɓaci sai ya kore su ya yi fari fat, daga nan yunwa ta ƙarasa shi. Gishiri ya zama 35 cikin dubu, wato ma'auni ya nuna 1.025 ko 1.026. Zafin ruwa digiri 25 zuwa 26, a garin da rana ke gasa mutum, ka ga ke nan AC ba hutu. Kalsiyam ya tsaya wajen 420. Ruwan famfo kar ma ya kusanci tankin, sai wanda aka tace da injin RO. Duk sati a zubar da kashi 10 cikin 100 a zuba sabon haɗi, a kuma wanke kofin sikima, wani inji ne da ke yin kumfa yana tattara ƙazantar kifi a ɗan kofi a samansa. Ina ta gyaɗa kai ina cewa in sha Allah, ai wannan ba komai ba ne.

Da farko kam na yi abin kirki, har littafi na saya ina rubuta sakamakon gwaji da jan biro. Sai sati ya koma sati biyu, sati biyu ya koma in an yi albashi, daga nan ya koma bayan sallah, ban dai faɗi wace sallar ba. Littafin kuwa Amira ta mayar da shi na zanen 'yar tsana.

Abin da ya ƙara ɗaure min gindi shi ne majalisar daren Alhamis a shagon, inda malaman lalaci ke haɗuwa kowa da fatawarsa. Akwai wani ɗan Siriya da ya ce shi rabon da ya canza ruwa tun kafin korona, kuma wai ba lalaci ba ne, tsari ne, murjani ba ya son a dame shi, abin da yake so ruwa ya zauna yadda ya saba. Maganarsa da ƙamshin gaskiya fa, don canjin gaggawa yana kashe murjani. Sai dai shi mutumin yana gwada ruwansa a kai a kai, yana da ɗan injin da ke ɗiga masa kalsiyam da sauran sinadarai kullum. Ni dai rabin fatawar da ya min daɗi na ɗauka na taho gida.

To ga inda gizo ke saƙar. Ruwan tanki kullum raguwa yake, AC da fitila suna shanye shi ya tashi sama, amma gishiri ba ya tashi, yana nan zaune daram. Don haka abin da ake cikawa da shi ruwan daɗi ne tatacce. Ni kuwa ina da jarkokin ruwan gishiri da na saya don canji ban canza ba suna jibge a baranda, na ce ai asara ce, kuma kifin teku ruwan teku ya sani, duk sanda na ga ruwa ya yi ƙasa sai in tuttula masa. Ma'aunin gishirin kuwa na aje shi a wani wuri mai kyau don kar yara su fasa, wurin ya yi kyau sosai har ni ma ban sake ganinsa ba.

Gilashi ya fara yin kore, gansakuka mai dogon gashi ta rufe duwatsu, wani jan abu mai yauƙi ya shimfiɗu kan yashi. In Maman Amira ta yi magana sai in ce ke ba ki san teku ba, haka yake a asalinsa. Abu ɗaya da ke faranta min rai shi ne wasu 'yan furanni masu ruwan ƙasa da suka fito da kansu a jikin dutse suna ta hayayyafa, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa, ka ga waɗannan ko sisi ban biya ba, hannuna ne ke da albarka.

Sai ga waya, surukata Hajiya za ta zo umara daga Kano kuma a gidanmu za ta sauka. Maman Amira ta tsaya a kaina ta ce, Baban Amira, ko ka gyara kududdufin nan yau ko in sa a fitar da shi bakin titi. Kududdufi fa ta ce.

Bayan isha'i na tattare hannun riga. Na zura tiyo a tanki, ɗaya bakin na kafa a bakina zan ja ruwa ya gangaro bokiti yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur, ban ankara ba na ji guɗa guda ta wuce maƙogwaro, ruwan gishiri da kashin kifi da gansakuka, ina tari ina hawaye tiyon ya suɓuce ya shiga yi wa kafet ban ruwa. Na kama shi da ƙyar. Na ce bari in wanke kofin sikima in huta, na murɗa ya ƙi, gishiri ya bushe ya kama bakinsa, na sa ƙarfi ya fita gaba ɗaya, wani baƙin ruwa mai kauri na watanni ya watsu a gaban jallabiyata. Jama'a warin nan ba a ba da labarinsa. Khalifa da ke barci a ɗaki ya tashi yana kuka, Maman Amira ta fito da gyale a hanci ba ta ce uffan ba, kallo kawai, kuma kallon ya fi zagi ciwo. Ina ƙoƙarin goge ƙasa na ture soket ɗin da ke bayan tanki, wanda dama farin gishiri ya daɗe da yi masa rawani, ruwa ya taɓa shi, ƙarar tas, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Ga duhu, ga wari, ga zafin Jidda, ga famfon tanki ya tsaya, ni kuma ina tsaye da cocilan waya a baki ina kaɗa ruwa da ludayin miya don kar kifi su rasa iska.

Washegari na ɗebi ruwan a roba na kai shago. Dattijon ya ɗiga a ma'auni ya ɗaga wa haske, ya sauke, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Ya ce ya Hajji, 1.031. Ya nuna min ƙofa ya ce Bahar Maliya da ke can, wadda ake lissafa ta cikin tekunan da suka fi gishiri a duniya, wajen 40 cikin dubu take, naka ya ɗan ɗara ta. Majalisa ta fashe da dariya har da ɗan Siriya, munafuki. Na ce to amma ai furannina suna ta yaɗuwa, na nuna masa hoto. Ya kalla ya ce wannan aiptasia ce, annoba ce, harbin murjani take yi, mutane kuɗi suke biya a raba su da ita. Ya haɗa ni da wasu jatan lande masu cin ta, ya ce gishirin kuma a hankali zan dinga sauke shi da ruwan daɗi, in na sauke a rana ɗaya sauran ma za su bi.

Kifayen dai sun sha, masu ruwan lemon nan akwai taurin rai. Wanda bai sha ba shi ne murjani mai rassa, akurofora, mafi tsada a tankin kuma mafi saurin fushi, ya yi fari ƙal. Na ciro shi na wanke na aje a kan taga.

Hajiya ta iso lafiya, gida na ƙamshin turaren wuta kamar ba a yi komai ba. Ta zauna gaban tankin ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi 'yarta, wai waɗannan sai yaushe za su isa suya? Aka ce mata ai ba a ci. Ta ce to sayarwa ake? Aka ce a'a, kallo ake. Ta ce ikon Allah, ta yi shiru, ni ma na sunkuyar da kai na ce a gaishe ki Hajiya na zame.

Ranar da ta dawo daga Makka ƙafafunta sun sha tafiya, na shigo na tarar da ita zaune a baranda da robar ruwan ɗumi, riƙe da akurofora ta tana goge kaushi da shi. Ta ɗago ta ce, Baban Amira, Allah ya yi maka albarka, dutsen nan naka akwai ci, in akwai wani ka samo min in kai wa Hajiya Babba tsaraba.

Na ce in sha Allah Hajiya, yadda abubuwa ke tafiya ba za a rasa ba.