Wanda ya karanci saikoloji bai taɓa ƙwaƙwalwa ba, rabin karatu ya yi

Ƙannenmu masu neman gurbin jami'a, musamman masu harin karatu a waje, in kun ci karo da kwas ɗin da ya haɗa saikoloji (ilimin halayyar ɗan Adam) da ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a digiri ɗaya, ku tsaya ku duba shi da kyau. Na san akwai malaman da maganata ba za ta yi musu daɗi ba, amma a ganina raba fannonin nan biyu asara ce.

A yawancin jami'o'inmu, saikoloji yana tsangayar ilimin zamantakewa, maƙwabcin kimiyyar siyasa da tattalin arziki. Ƙwaƙwalwa kuwa tana can kwalejin likitanci. Alhali tun asali tare suka taso. Wilhelm Wundt, wanda ya buɗe ɗakin gwajin saikoloji na farko a Leipzig ta Jamus a 1879, likitanci ya karanta, kuma ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Helmholtz, mutumin da ya auna gudun saƙo a cikin jijiya.

Labarin da ya fi gamsar da ni shi ne na Henry Molaison. Ba'amurke ne da farfaɗiya ta hana shi sakat. A 1953, yana da shekara 27, wani likitan tiyata, William Scoville, ya yanke masa wani yanki na can cikin ƙwaƙwalwa, hagu da dama, har da mafi yawan sashen da ake kira hifokamfas. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Sai dai daga ranar, sabon abu ya daina zama masa a kai. Za ka gaisa da shi, ka fita, ka dawo bayan 'yan mintuna, ya karɓe ka a matsayin baƙo. Likitan ya san abin da ya yanke, amma ainihin abin da aka rasa sai da Brenda Milner, masaniyar saikoloji daga Montreal, ta zo ta auna. Kayan aikinta fa? Fensir, takarda, madubi. Ta sa shi ya bi layin tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi kaɗai. Abu ne mai wuya, kowa ya gwada sai hannunsa ya karkace. Kwana uku ana yi, kullum hannun nasa na ƙara faɗawa, kullum kuma yana cewa bai taɓa yin wannan aikin ba. Hannu ya koya, mai hannun bai sani ba. Daga nan aka fahimci cewa tuna abin da ya faru daban, iya aiki daban, kuma ba wuri ɗaya suke zaune a ƙwaƙwalwa ba. Da tiyatar kaɗai aka yi, sai a ce mutum ya kamu da mantuwa, a rufe fayil. Da gwajin madubin kaɗai aka yi ba a san me aka yanke ba, babu wanda zai iya nuna inda matsalar take.

Kowane ɗaya in aka bar shi shi kaɗai, yakan yi ɓarna. A shekarun 1950 da 1960, manyan masana hali irin su Bruno Bettelheim sun ɗora wa uwaye laifin lalurar otizim, wadda ke sa yaro wahalar mu'amala da mutane, wai rashin nuna wa jariri ƙauna ne ke jawo ta. Mata nawa suka kwana da wannan baƙin cikin? Sai a 1977 binciken Folstein da Rutter kan tagwaye ya nuna gado na da hannu sosai a ciki. Su ma masu na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna da nasu abin kunyar. A wani gwaji da aka bayyana a 2009, wasu masu bincike da gangan suka saka mataccen kifi a na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, sai ga lissafin da wasu ke amfani da shi ya nuna wai ƙwaƙwalwar kifin tana motsi. Mataccen kifi! Hoton nan mai ja da ruwan ɗorawa da ake yawo da shi a intanet, in tambayar da aka yi ba ta da kai, ko lissafin ya gurgunce, ado ne kawai.

Ko lambar Nobel ta likitanci ta 2014, wadda aka bayar kan yadda ƙwaƙwalwa ke gane wuri da hanya, biyu daga cikin ukun da suka karɓa, May-Britt da Edvard Moser, saikoloji suka karanta a jami'ar Oslo.

Mu kuwa buƙatarmu ta fi ta kowa. Ɗauki shaye-shaye. Gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma tiramol da sauran ƙwayoyi suna nan a unguwanni. Wanda ya san ƙwaƙwalwa zai faɗa maka yadda ƙwaya ke canza aikin sinadarin dofamin har jiki ya kasa haƙura, shi ya sa ɗaure yaro da mari da duka ba ya warkar da shi. Wanda ya san hali zai faɗa maka dalilin da yaro ke fitowa daga asibiti garau, ya koma majalisarsu ta da, cikin sati ya koma ruwa. Muna buƙatar wanda ya san duka biyun. Haka farfaɗiya: har yau ana gudun mai ita, ana cewa iska ce ko yawunsa na yaɗa ta, alhali rikicewar lantarkin ƙwaƙwalwa ce kuma tana da magani. Sanin maganin bai isa ba in ba ka san yadda za ka shawo kan dangin mara lafiya ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, da ya fara zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta. Yanzu ga sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, ga cibiyar binciken da Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu. Wa zai cike waɗannan wuraren?

Amma kada in yi muku romon baka. Digirin nan ba ya mayar da mutum likita. Ba za ka rubuta magani ba, mai son haka sai ya bi ta likitanci. Ko zama mai duba marasa lafiya ta fannin saikoloji sai ka ƙara digiri na biyu da horo a asibiti. Sannan wanda ya gudo daga lissafi yana zaton nan mafaka ce, ya yi kuskuren ƙofa: akwai ƙididdiga, akwai bayoloji, akwai kemistiri, yanzu har da rubuta manhajar kwamfuta. Masu cewa haɗin yana sa a tsinci nan a tsinci can ba tare da zurfi ba, suna da 'yar gaskiya. Amsata ita ce digirin farko dama shimfiɗa ne, zurfi sai gaba.

Kafin ka biya kuɗin fom, buɗe jerin darussan kwas ɗin shekara bayan shekara. Wasu makarantun suna kawai suka liƙa don jawo ɗalibai. In ba ka ga aikin ɗakin gwaji da ƙididdiga da bincike na kanka a shekarar ƙarshe ba, nemi wata.