Ina Madannin Harbi?

(Dare ya yi, an kashe fitilar falo. Auta na gaban kwamfuta da abin sauraro a kunne. Kaka na kishingiɗe a gefe, tun ɗazu take cewa barci take ji amma idonta biyu. Sai ga Kawu, irin mutanen nan da ba a ba da labarin jarumta a gabansu ba su kawo nasu da ya fi ba.)

KAWU: Kai Auta, me ka ƙura wa ido haka? Sallama biyu na yi.

AUTA: Yi haƙuri Kawu, ban ji ba. Wasa nake yi, na ban tsoro ne.

KAWU: Tsoro? A cikin gilashi? Allah sarki yaran zamani. Ni da na taɓa kwana ni kaɗai a...

KAKA: A ɗakina, ranar da ka ga ƙadangare a naka.

KAWU: Inna, don Allah, da yaro nake magana. Tashi ka ba ni wuri, minti goma in gama maka shi ka je ka kwanta.

AUTA: Bismillah. Sunansa Outlast, a 2013 ya fito, wani kamfani ne na Kanada mai suna Red Barrels ya yi shi. Kai ɗan jarida ne, Miles Upshur. An turo maka saƙon imel babu suna, an ce ana wata ɓarna a asibitin masu taɓin hankali da ke kan dutse a jihar Kwalarado ta Amurka. Shi ne ka taho da daddare.

KAWU: To ina ni ɗin? Ban ga kowa ba.

AUTA: Ba za ka gan shi ba, ai kai ne shi. Da idonsa kake gani. Sunkuya ka ga ƙafafunka.

KAWU: Af, ga su kuwa. To abin da ke bayana fa?

AUTA: Sai ka juya.

KAWU: In ban juya ba?

AUTA: Yana nan dai.

KAWU: (ya gyara zama) Ba komai. Nuna mini madannin harbi.

AUTA: Babu.

KAWU: Ban gane babu ba. Sai an ci gaba ake samun bindigar?

AUTA: Har ƙarshe babu.

KAWU: Wuƙa fa? Gora? Ko naushi ne, ai ka san hannuna.

AUTA: Gudu ne kawai da ɓuya. Sai kyamara.

KAWU: Kyamara! Wato in dodon ya taho sai in ce masa ya ɗan matsa hagu, ya saki fuska?

AUTA: Tana gani a cikin duhu. Ita ce idonka in babu haske.

KAKA: Tsaya tukuna. Na ga ƙofar gidan a kulle. Me yake nema a jikin bango?

AUTA: Ta taga zai shiga, Kaka.

KAKA: Masu gida sun rufe ƙofarsu, shi ya hau katako ya bi ta taga da tsakar dare. Kuma kun ce ɗan jarida ne. To, ni dai wani sunan na sani.

(Kawu ya shiga. Gaskiya ya yi ƙoƙari a farko: ya wuce ɗakuna biyu yana fito, har yana yi wa kujeru tsawa. Fiton ya tsaya ne a lokacin da ya buɗe wata ƙofa, gawa ta reto daga sama.)

KAWU: Innalillahi! Wa ya rataye wannan a hanya?

AUTA: Ka tsorata, Kawu?

KAWU: Tausayi ne ya kama ni. Me ke ƙyaftawa a saman nan?

AUTA: Batir ne, ya kusa ƙarewa. Ka bar ganin duhu a kunne, alhali ɗakin da haske.

KAKA: Halinsa ne. Tun yana yaro bai taɓa kashe fitila da hannunsa ba.

KAWU: To a sa caji mana.

AUTA: Tsinta ake yi, a kan tebur ko a ƙasa. Goma kawai aljihunka ke ɗauka. In ka zaɓi mataki mafi wuya, biyu.

KAWU: Kamfani guda ya rasa batir ɗin kirki da zai ba ma'aikacinsa?

AUTA: Da gangan ne. In haske ya wadace ka, ba za ka ji tsoro ba. So suke kowane lungu ka tsaya kana lissafi: in kunna in ga abin da ke ciki, ko in yi tattali in shiga a makance?

KAKA: Su waɗannan sun san zaman duniya.

(Can aka fara dukan ƙofar ɗakin masu gadi daga waje, kamar za a cire ta da bangon. Rubutu ya fito a allo yana cewa a ɓuya.)

AUTA: Kabad, Kawu! Ga biyu can, shiga ɗaya!

KAWU: Ni? Kabad? Namiji barkono ne, sai an tauna...

AUTA: Yanzu kuwa za a tauna.

(Kawu bai ƙarasa karin maganar ba ya faɗa kabad, ya ja ƙofa. Allon ya yi baƙi, sai 'yan layukan haske ta tsagar ƙarfen. Ƙofar ɗakin ta faɗi. Wani ƙato ya shigo, sarƙa na ƙara a jikinsa, ya tsaya yana waige-waige. Ya nufo kabad ɗin. Ya kai hannu, ya fizge ƙofar na kusa, ya leƙa, ya ga wayam, ya juya ya fita yana gunaguni.)

KAWU: (da raɗa) Numfashin wa nake ji?

AUTA: Na Miles ne, sun sa shi a wasan.

KAKA: Na biyun kuma naka ne. Har nan nake jin sa.

AUTA: Ya tafi, Kawu. Fito.

KAWU: Wa ya gaya maka? Ka raka shi ne?

AUTA: Ba ka ji ƙarar sarƙar ta yi nisa ba? Da kunne ake wannan wasan.

KAWU: Dabara ce. Ya riƙe sarƙar da hannu yana jira a bakin ƙofa. Ni ba a yi mini wayo.

(A taƙaice dai, minti ashirin Kawu ya yi a kabad. Ya sha ruwa, ya amsa waya, ya ba da labarin wani maciji da ya taɓa kashewa da takalmi, duk bai taɓa madannin fita ba.)

KAKA: Wai nan ne ƙarshen wasan? In kuwa haka ne ka ci.

KAWU: Inna, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

KAKA: Ragon da na sani yana dawowa.

(Da ƙyar ya fito. Bai yi nisa ba ya ga ashe an yanke wutar ginin.)

AUTA: Yanzu sai ka sauka ƙarƙashin ƙasa ka tayar da janareta. Akwai famfon mai guda biyu a ɗakuna daban-daban, da babban makunni, sai ka dawo ka danna na tsakiya. Wani mai gora yana zagaye a wurin.

KAKA: Ɗazu ɗan jarida, sai ɓarawo, yanzu kuma makanike. Nawa ake biyansa?

KAWU: Ni abin da ban gane ba, wane magini ne ya raba makunni gida uku? Wasa ƙwaƙwalwar ma ba wani mai wuya ba ne, ɗan firamare zai yi.

AUTA: Ai ba don wuya aka sa shi ba. Da babu shi, da kowa ya tare a kabad kamar... kamar wasu. Shi ke fito da kai dole. Kuma duk famfon da ka kunna yana ƙara, mai gorar ya ji ya taho. Ga shi sai ka juya wa ƙofa baya kafin ka danna.

KAWU: Wato su suka ƙulla, su suka kai ƙara.

(Ya kunna na farko lafiya. A na biyu ne mai gora ya shigo. Kawu ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya danna madannin waiwaye yana gudu, ya ga fuskar mutumin dab da shi, ya kurma ihu, ya shige kabad a gaban idonsa. Mai gora ya buɗe ya zaƙulo shi.)

KAWU: Cuta! Wallahi cuta ce! Ai na shiga!

AUTA: Yana kallonka ka shiga. Sai ka fara ɓace masa, ka rufo ƙofa a bayanka, ka sha kwana, sannan ka ɓuya.

KAWU: Linzamin nan naka ne ke santsi. Canza mini wani wasan, na manya, mai natsuwa. Wannan hayaniya ce kawai.

AUTA: Akwai Amnesia: The Dark Descent, na 2010, 'yan Suwidin ne suka yi shi, Frictional Games. A 1839 labarin yake, cikin wani tsohon gidan sarauta da ake kira Brennenburg. Ka farka ka manta komai sai sunanka, Daniel. Sai ka tsinci wasiƙar da ka rubuta wa kanka, kana cewa ka sauka ƙasa ka kashe mai gidan.

KAWU: Yauwa! Kisa. To ina takobin?

AUTA: Fitila ce, da ƙyastu na kunna kyandir. Man fitilar ma tsinta ake yi.

KAWU: Kai, wai duk ƙasashen nan babu mai sayar da makami ne?

AUTA: Saurara ka ji dokar. In ka daɗe a duhu, hankalinka zai fara gushewa, allo ya riƙa lilo, ka ji kamar ana cizon haƙora. In ka kunna fitila, dodo ya hango ka. In ka ƙura wa dodon ido, nan ma hankalin ya tafi.

KAWU: Duhu hauka, haske mutuwa, kallo hauka. To me ya rage?

AUTA: Ka tsuguna a lungu ka fuskanci bango har ya wuce.

KAKA: Wannan kam ya iya. Horon da na fi ba shi ke nan.

(Auta ya buɗo masa wurin da ya tsaya jiya: ɗakunan ajiya na ƙasa da ruwa ya cika har gwiwa, akwatuna a warwatse. Kawu ya taka ruwan. Daga can nesa aka ji fanjam, fanjam, ruwa na tashi yana nufo shi, amma babu kowa.)

KAWU: Mene ne wancan? Ban ga komai ba!

AUTA: Ba a ganinsa. Hau akwati!

KAWU: Ta ina zan san inda yake?

KAKA: Kai, dubi ruwan mana. Ga sawunsa can, ya tsaya a gindin akwatinka. Auta, in bai taɓa ruwa ba, abin yana jin sa?

AUTA: A'a, Kaka.

KAKA: To kunne gare shi, ba ido. Ɗauki wancan abin ka wurga can ƙarshen ɗaki.

KAWU: Inna, wannan ba harkar tsofaffi...

KAKA: Wurga na ce!

(Ya wurga. Fanjam, fanjam, abin ya bi ƙarar.)

KAKA: Sauka, kama wancan ƙarfen ka murɗa, ƙofar ta ɗaga. Murɗa da kyau, kamar ka ci abinci. Ya isa, ga shi nan ya juyo, koma kan akwati. Sake wurga wani. Haka. Yanzu ƙarasa. Shige, ja ƙofar!

AUTA: Kaka! Kwana biyu ina mutuwa a nan!

KAKA: Kai garaje ne da kai, shi kuma baki. Kashe fitilar nan, ga kyandir a bango, kana ƙona mai a banza.

KAWU: Dama abin da zan yi ke nan, ta riga ni faɗa ne. Ni damuwata ɗaya, abin ba ya fitowa fili mu gwabza. Inda ma da mai fitowa.

AUTA: Akwai Alien: Isolation, na 2014. Shi har bindiga ana ba ka.

KAWU: Alhamdulillahi! Sa shi.

AUTA: Sai dai ba ta kashe dodon. Ƙarar ma kiransa take yi. Na'urar da ke nuna maka motsinsa tana ƙara, in yana kusa zai ji. In ka shiga kabad ya zo yana shinshina, sai ka danne numfashi. A na'urar wasa ta PlayStation 4, in ka haɗa kyamararta ka kunna wani saiti, har hayaniyar ɗakinku yana ji. Ka yi tari, ya taho.

KAKA: Yana jin maganar mutum? To wannan kafin ya gama labarin maciji an cinye shi sau uku.

KAWU: (ya miƙe, ya ajiye abin sauraron) Dare ya yi. Gobe ina da sammako, in ba haka ba da kun ga aiki. Auta, wa ya kashe fitilar barandar nan?

AUTA: Ƙwan ne ya mutu tun shekaranjiya.

KAWU: To taso ka raka ni, akwai maganar da zan gaya maka a hanya. Ta sirri ce. Kai za ka shiga gaba.

(Suka fita. Jim kaɗan Auta ya dawo shi kaɗai. Kaka ta ɗauki rimot ta danna, shiru. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ya tsaya cak.)

KAKA: Auta, ina batiran gidan nan?

AUTA: Suna aljihun Kawu. Ya ce guda takwas ya samu, ko kina da biyu ya cike goma.

KAKA: Je ka karɓo mini. Yana ɗakinsa?

AUTA: Yana ciki. Amma ya ce in za a shigo a fara buɗe kabad ɗin hagu.