Hoto ɗaya tak nake son juyawa, ba jirgin sama zan tuƙa ba

Daren jiya saura ƙiris in maka kwamfutata da ƙasa, alhali ba ita ce mai laifin ba. Ƙanwata ce ta turo mini hotonta daga waya, ta ce, "Yaya, don Allah ɗora mini a fom ɗin nan. Sun ce JPEG suke so, kuma kada ya wuce kilobait 200." Na ce mata ta ba ni minti biyar. Wankin hula kuwa ya kai ni dare, don sai da na kwashe awa biyu da rabi.

Hoton ya iso da wutsiyar .heic a ƙarshen sunansa. Na danna shi sau biyu, kwamfuta ta ce ita ba ta san wannan baƙon ba. Na san inda abin ya samo asali. Tun 2017 wayoyin iPhone suka koma ajiye hotuna a wannan tsari, saboda ya fi JPEG, tsohon tsarin hoto da aka saba da shi, tsimin wuri. Haka ma WebP da Google ya fito da shi a 2010: ka sauko da hoto daga intanet kana murna, ka zo buɗewa tsohuwar manhajarka ta yi maka kallon ban san ka ba. Ni ba ni da rigima da wannan, ci gaba ne. Rigimata da mutanen da suka zo suka kafa shinge tsakanin sabon tsari da tsoho suna tatsar duk wanda ya zo wucewa.

Na nemi manhajar juya hoto, na ɗauki wadda ta rubuta "kyauta" da manyan baƙaƙe. Saukewa kaɗai ta ci kusan rabin awa. Manhajar da aikinta bai wuce ta karɓi fayil ta wannan hannu ta miƙo shi ta wancan ba, me aka cusa mata a ciki har ta yi wannan nauyi? Wajen girka ta na bi ido rufe ina danna na gaba, na gaba, ashe akwai wani ɗan akwati a can ƙasa da aka riga aka sa wa alama a madadina. Kafin in farga an canja mini shafin farko na burauza, an kuma dasa mini wata aba mai iƙirarin wanke kwamfuta, wadda nan take ta hau ihu da jan rubutu cewa ta gano matsaloli ɗaruruwa.

Na haƙura, na buɗe ainihin manhajar. Sai ta ce in yi rajista. Imel, kalmar sirri mai babban baƙi da ƙarami da lamba, sannan in je in tabbatar da imel ɗin. Don hoto ɗaya! A lokacin fankar kwamfutar ta fara kuka kamar za ta tashi sama, gindinta ya ɗau zafi har na ɗauke ta daga cinyata, kibiyar linzami kuma ta zama 'yar ƙawanya tana juyawa, tana juyawa. Na zauna na zuba tagumi ina kallonta. Da ƙyar da siɗin goshi hoton ya fito a JPEG. Na buɗe shi, sai ga tambarin kamfanin an gitta shi daga kunnen ƙanwata na dama zuwa haɓarta. In ana so a cire, sai a sa lambar katin banki, a riƙa cira duk wata.

Duk wata fa! Na san tun 2013 Photoshop ya koma haya maimakon saye, kuma mai sana'ar hoto da ke ci da ita kullum yana da lissafin da zai yi. Amma ni da zan juya hoto sau uku ko huɗu a shekara, hayar me zan kama? Da sun faɗa tun a bakin ƙofa, da na juya abina. Sai da suka bari na ɓata lokaci, na ba da imel, kwamfutata ta sha wahalar aikin, sannan suka miƙo hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na koma wani shafin intanet mai juya hoto. Maɓallan saukewa guda huɗu ne a fuskar, duka kore, uku talla ne. Na riga na ɗora hoton kafin hankalina ya dawo jikina: hoton waya yakan zo da bayanai a ɓoye a cikinsa, irin wayar da ta ɗauka, rana da sa'a, wani lokacin har da daidai wurin da aka tsaya. Ga fuskar yarinya ga wannan duka, na miƙa wa mutanen da ban san ko su waye ba, ban san inda suke ajiyewa ba. Abin da suka dawo mini da shi kuma ya haura megabait biyu, ninki goma na abin da fom ke karɓa. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne idan ka yi magana sai a ce ai kwamfutarka ce ta tsufa, ka sayi sabuwa. To mu yi lissafi. Hoton waya mai megafiksel 12 faɗinsa ɗigo 4,000 ne, tsayinsa 3,000, wato ɗigo miliyan 12. Kowane ɗigo bait uku yake ci, ja da kore da shuɗi. Idan aka warware shi gaba ɗaya megabait 36 ne. Ƙwaƙwalwar kwamfutata gigabait 4 ce, wadda a lissafi za ta ɗauki irinsa sama da ɗari. Ashe ba hoton ne ya shaƙe ta ba. Da yawa daga cikin manhajojin yau burauza ce sukutum aka naɗe aka sa mata sabon suna, a kai kuma aka jibga talla, da masu leƙen abin da kake yi, da ƙyale-ƙyalen da babu wanda ya roƙa. Masu rubuta su a kan manyan injuna suke gwadawa, shi ya sa ba su taɓa jin kukan fanka ba.

Kuma wannan aiki ba sabo ba ne balle a ce ana kan koyo. An kafa ƙa'idar JPEG tun 1992, PNG ta biyo baya a 1996. A shekarar 1996 ɗin Irfan Skiljan ya fitar da manhajar hoto ta IrfanView, wadda har yau nauyinta 'yan megabait ne, a shekarar kuma wasu ɗalibai biyu a jami'ar Berkeley ta Amurka, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka saki manhajar gyaran hoto ta GIMP kyauta. A wancan zamani Windows 95 megabait 4 na ƙwaƙwalwa take nema ta tashi. Windows 11 gigabait 4 take nema, ninki dubu ke nan. Da waɗancan injunan mutane ke yanke hoto, su rage shi, su juya shi. Yau da ƙarfi ninki dubu a hannuna ina zaune ina kallon ƙawanya.

Mu da muke amfani da kwamfutar gida jefi-jefi buƙatarmu ba ta da yawa. A yanke gefe, a miƙe hoton da ya kwanta, a ƙara ɗan haske, a rage nauyi, a canja tsari. Manhajojin nan kuwa ko bayani mai amfani ba sa yi. Babu wadda ta gaya mini cewa JPEG zubar da wani abu yake yi duk lokacin da aka sake ajiye shi, shi ya sa bayan gwaji na huɗu gefen fuskar ya fara dishi-dishi kamar an shafa da jiƙaƙƙen hannu. Babu wadda ta ce in fara rage faɗi da tsayi kafin in taɓa inganci, alhali nan ne nauyin yake.

A ƙarshe wata tsohuwar 'yar manhaja ce ta cece ni, wadda na manta da ita a cikin wani filashi. Na ƙara mata ɗan abin da ke karanta sabon tsarin, na koma kan hoton asali, na mayar da faɗinsa ɗigo 600, na sa inganci a 80, na ajiye. Ko fankar ba ta motsa ba. Na juya kan fom ɗin ina hamdala, sai na tarar ya gaji da jirana ya rufe, duk abin da na cike ya goge. Na sake daga farko, ƙanwata na ta turo saƙo, "Yaya, har yanzu?"

Yau da safe na ɓata wata awar ina tumɓuke abubuwan da aka dasa mini. Ina gamawa imel ya shigo daga masu tambarin nan, wai sun yi kewata, in daure in ba su tauraro biyar.