Farfaɗiyar da ke biyo bayan kumburin ƙwaƙwalwa

Wani rahoto da ya danganta shigar ƙwayar cutar bairos cikin ƙwaƙwalwa da farfaɗiyar da ba ta jin magani ya taɓa ni ƙwarai. Ɗiyar ƙanwata, a nan Sakkwato, ta yi zazzaɓi mai tsanani har ta kwana uku ba ta gane uwarta. Bayan wata huɗu ta fara faɗuwa, an sauya mata magani sau biyu, abin bai lafa ba. Likita ya bayyana mana cewa ƙwayar cutar da ke fesar da ƙuraje a leɓe na iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa, ta bar tabon da jijjigar ke tasowa daga gare shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya magani ba ya tsayar musu da ita, amma har yau maƙwabtanmu iskoki suke zargi.