Garwar 'yan kaji da kunyar da na sha a Ingila

Ƙanena ne ya jawo mini. Ana gobe Sallah ya turo bidiyo daga Jos, yana tsaye wajen 'yan kaji ana fige masa guda biyu. Ina kallo a ɗakin hutu na mayankar kajin da nake aiki, sai wata abokiyar aiki ta leƙo, ta ga ruwan garwar nan ya koma baƙi ƙirin. Ta yamutsa fuska ta ce, "Wannan za ku ci?" Na yi dariyar yaƙe, amma abin ya tsaya mini a rai.

Nan kafin ka shiga, sai ka sa farin takalmin roba ka tsoma shi a ruwan magani, ka rufe gashi da gemu da raga, ka wanke hannu a famfon da gwiwa ake danna shi. Kaji na rataye ta ƙafa suna wucewa, inji ya fige, wani injin ya zaro kayan ciki, mai duba nama na tsaye yana ware wadda bai yarda da ita ba, sannan sanyi ya sauko da naman zuwa digiri 4. In ka yi gudawa, sai ka cika awa 48 da warkewa za ka dawo aiki.

Namu kuwa kun san shi. Ruwa ɗaya tun safe, ga ƙuda, ga kwata a gefe. Ban ce daidai ba ne.

Amma da hukumar kula da abinci ta ƙasar nan ta gwada kajin manyan kantunansu tsakanin 2014 da 2015, kashi 73 cikin 100 na ɗauke da ƙwayar kamfilobakta mai sa gudawa. Hanjin kaza ɗaya ya fashe a inji, ya shafa wa na bayanta. Shi ya sa har wanke ɗanyar kaza suke hana mutane a gida, kada ruwan ya fantsama. Mu kazar da aka yanka da hantsi, kafin la'asar an tafasa ta, an soya, ta kuma shiga miya. Wace ƙwaya ce za ta yi rai?

Ban faɗa mata ko ɗaya ba. Ta ina zan fara yi mata bayanin farfesun Hajiya da asubar Jos, bakinka na hayaƙi don sanyi? Sallah ta shida ke nan ina cin kazar leda. Da daddare ƙanena ya turo hoton tukunyar, har yau ban buɗe ba.