Buki a sal, unguwa a waje: wa ya kawo mana wannan yayin a Maradi?

Akwai wani layi da ya fara bayyana a ƙasan katin gayyatar da ake turowa ta WhatsApp, wai "kati ɗaya mutum ɗaya, ba a zuwa da yara". Da farko a katin dina ta ɗiyan manya ake ganinsa, muka ce to su da kuɗinsu, sai ga shi ya gangaro katin walima, yanzu kuma har suna, sunan jinjiri ɗan kwana bakwai wai sai an kama sal, wato zauren buki na haya, an biya, an sa ƙato a bakin ƙofa yana duba wayar mutane kafin ya bari su shiga. A Maradi fa ake wannan, ba Yamai ba, ba Abuja ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ba yayin ba ne, yayi kullum ana yinsa yana wucewa, hujjar da ake kafa masa ce. Ka shiga Facebook ka ga yadda wasu ƴan boko da wasu hajiyoyi ke rubutu, wai buki a gida ƙauyanci ne, wai ƙazanta, wai cinkoso, wai ana satar takalma da waya, wai ka dafa wa mutum ɗari sai ɗari uku su zo, wai a sal ka biya kuɗinka ka zauna kamar sarki ba ruwanka da wanke-wanke ba ruwanka da kowa. Wannan na ƙarshen shi suka fi maimaitawa, "ba ruwanka da kowa", kuma suna faɗarsa ne da alfahari kamar wani ci gaba aka samu. To dan Allah in ba ruwanka da kowa bukin me kake yi? Ka sayi kaza ka ci da matarka mana ka huta.

Duk wanda ya tashi a Bagalam ko Mokoyo ko Ƴandaka ko Maradawa ya san buki ba ranar buki yake farawa ba. Kwana biyu ko uku kafin nan gidan ya riga ya cika, maƙwabta mata sun shigo da tabarmi da wuƙaƙensu, wasu na tsintar shinkafa a faranti, wasu na yankan albasa suna hawaye suna dariya, an tura yara injin niƙa da bokitan tattasai da tumatir, an aiki wani gidan Hajiya wance ya aro manyan tukwane guda biyu da muciya, mai amalanke ya sauke icce a ƙofar gida. A lungun bayan gida ake kafa murhu, duwatsu uku-uku a jere, kuma akwai tsohuwa guda da kowa ya san ita ce mai miya a unguwar, ba a biyanta ko dala, amma ba mai zuba gishiri sai ta ɗanɗana. Akwai kuma gwaggo ko inna da ake ba makullin ɗakin nama, ta ɗaure shi a bakin zane, ko uwar amarya ba ta isa ta ɗebi tsoka ba sai da izininta. Samarin fada su ke kafa rumfa su jera kujerun roba su shimfiɗa tabarmi, ladansu shayi da sukari da tire guda na shinkafa, ƴan garuwa na ta kai da kawo da ruwa. Wannan aikin da ƴan yayi ke kira wahala shi ne rabin bukin, a bakin murhun nan ake shirya waɗanda suka yi shekara ba sa ga maciji, a nan ake jin wa ke kwance ba lafiya, wace ce mijinta ya tafi Agadas ko Libiya ya bar ta da yara babu aike.

Ranar suna kuwa ba ta buƙatar wani tsari na takarda. An sallame asuba maza sun zauna a ƙofar gida, liman ya yi addu'a, an raɗa suna, sanƙira ya ɗaga murya ya faɗa, an raba goro da dabino da cingam, an yanka rago, kafin rana ta yi zafi kowa ya kama hanyar kasuwa ko wurin aiki. Mata su wuni, a ci a sha fura, a soya nama a raba gida-gida. Me sal zai ƙara a kan wannan in ba fitila mai launi da gato mai hawa uku ba, wanda jaririn da ake yi dominsa bai ma san ana yi ba?

Ga kuma maganar da ba sa son a taɓo, wato wa ake cirewa idan aka ɗauke buki daga gida. Ba Alhaji mai kanti ake cirewa ba, shi katinsa har gida za a kai masa. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da ku ce, wadda ta yi wa uwar amaryar wankan jego, ba ta da anko ba ta da kuɗin adaidaita zuwa can bakin gari inda sal ɗin yake, ko ta je ma ƙaton bakin ƙofa bai san ta ba. Dangin ƙauye ne da suka taso daga Tibiri ko Madarunfa ko Dakoro da ƴar tsarabarsu ta gero da kaji, a gida sai a shimfiɗa musu tabarma a zaure su kwana uku ba mai tambayarsu kati. Almajirai ne da ke jiran ƙanzo da sauran tuwo. Yaran unguwa ne da ranar buki ita ce ranar da za su ci nama su ƙoshi. A bukin gida akwai kwanon da ake zubawa a rufe a ba yarinya ta kai wa makahon da ke ƙarshen layi, ba wanda ya rubuta wannan a cikin lissafi amma ba a mantawa da shi. A sal kuwa abinci a ƙirge yake cikin ƴan robobi, mai kwangilar dafuwa ta kawo ɗari biyu cif, in ya ƙare ya ƙare, in ya yi saura ma sai ka ga an loda a but ɗin mota an kai firigo.

Kuma mu da muke cika baki da addini, hadisin a bayyane yake cikin Buhari da Muslim, cewa mafi sharrin abinci shi ne abincin walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya guda ce. Akuya guda! Mu kuma mun sa mai gadi ya tace mana talakawa, sannan mu rubuta "walima" a saman kati da ruwan zinariya.

Sai su ce ai sal ya fi sauƙin kuɗi tunda ka san abin da za ka kashe tun farko. Wannan lissafin wanda bai taɓa riƙe kayen gudummawa ba ne. Bukin gida ba aljihu ɗaya ke ɗaukarsa ba, wannan ta kawo tiya biyar ta shinkafa, wannan galan na mai, wannan ta ce zoɓo da lemun citta a kaina, ƙawayen adashi su haɗo nasu, a zaunar da yarinya mai lakkol da kaye da biro tana rubuta wance jikka biyu wance jikka biyar, domin ranar nata bukin a mayar mata har da ɗori. Na san wannan ɗorin shi ma yana da nasa nauyin, akwai matan da ke kwana ba barci saboda bukin da za su mayar, wannan magana ce ta wata rana. Amma dai kuɗin yana zagayawa ne cikin mutanen da suka san juna, kuma abin da aka kashe yana faɗawa hannun mai icce da mai niƙa da mai waina da mai ƙanƙara da yaron da ke hayar kujeru. A sal fa? Kuɗin wuri daban, na masu deko daban, na mai sono da DJ daban, na mai hoto da bidiyo daban, na mai kwalliyar amarya daban, har esansin gurup, wato man janareta, wani wuri kai za ka saya saboda kar kuran ya ɗauke ana tsakiyar yanka gato, kuma duk tsaba ake biya kafin ranar, ba mai karɓar tiyar shinkafa a madadin kuɗi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne a wata tun Janairun 2024, ku je ku tambayi kuɗin yini guda a irin waɗannan wurare ku kwatanta da kanku.

Kuma a wane lokaci ake wannan fankamar? Garin da cinikinsa ya dogara da hanyar Dan Isa zuwa Jibiya da Katsina, wanda ya sha rufe boda daga Agustan 2019 har Afrilun 2022, bai gama farfaɗowa ba aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, sai a Maris na 2024 aka buɗe, ga hanyar Kwatano da kaya ke bi ta zama abin da ta zama, kowa ya san yadda buhun shinkafa ya yi tsalle. Ƴan kasuwa da yawa da ake ganin su da babbar riga jarinsu ya karye, rufin asiri kawai ake yi. A cikin wannan halin ne ƙaramin ma'aikaci zai ci bashi ko ya sayar da filin da ya yi shekaru yana biya, don kar a ce ɗiyarsa ba a yi mata a sal ba kamar ɗiyar wane, don a samu bidiyon minti ɗaya da za a sa a TikTok. Bayan sati biyu amarya na ɗaki ana auna mata shinkafa da gwangwani.

Waɗanda suka fi ban dariya ma su ne masu yi a gida amma su kwaso duk halin sal su shigo da shi. A kulle get, a kawo masu deko su lulluɓe bangon gida da yadi da balan-balan har ba ka gane gidan da ka sani, a ware falo mai sanyi na "manyan baƙi" da kaji da lemun kwalba, sauran jama'a a tsakar gida da shinkafa fara da ruwan leda. Maƙwabciyar da ta shigo da wuƙarta za ta taya aiki a ce mata "a'a Hajiya ki huta, mun ba da kwangila". Ita ta san abin da aka gaya mata, an ce mata ba a son bashinta ne, kuma ranar nata bukin kar ta sa rai.

Masu cewa gidajen yanzu sun ƙanƙance, mutum na haya a selibatariyam ɗaki biyu ina zai tara jama'a, sai ka ce yau aka fara haya a Maradi, tun da can gidan maƙwabci ake arowa ko a koma babban gida wurin iyaye, kuma ban taɓa jin wanda ya nemi aron tsakar gida don suna aka hana shi ba. Masu wa'azin a soke komai a ɗaura aure a watse kuwa sun yi shekaru suna faɗa, gwamnatin Janar Seyni Kountché ma ta gwada taƙaita kuɗin aure da doka, buki bai fasa ba, don mutane ba za su daina taruwa ba, abin tambaya kawai su wa za a tara.

Magana ɗaya ce tasu da nake ganin tana da ƙamshin gaskiya, ita ce ta tare hanya. Wallahi akwai rashin kunya a yadda wasu ke kafa rumfa a tsakiyar titi tun safe har dare, su jera duwatsu da benci su toshe layi gaba ɗaya, kabu-kabu ya yi ta zagaye, mai mara lafiya a mota ya rasa ta inda zai bi, sannan da dare a kunna sono har ƙarfe biyu kamar unguwar ta gadon ubansu ce, ga mai jinya ga ɗalibi mai jarabawa ga wanda zai fita asubanci. Amma wannan rashin tarbiyya ne na mai bukin, ba a rushe ɗaki don ɓera ya shiga. A da kafin ka kafa rumfa sai ka bi maƙwabta gida-gida ka gaya musu, ka je wa mai unguwa da goro, shi zai ce maka ga inda za ka kafa ga inda za ka bar wa mutane hanya. Wannan bin gida-gidan ne aka daina, aka maye gurbinsa da tura kati a gurup na WhatsApp, shi ya sa maƙwabci yake jin rumfarka ta dame shi, don ba a sa shi a ciki ba.

Ku tuna ruwan ƙarshen Agustan 2024 da ya rusa gidaje ya ci rayuka a garin nan. Waɗanda suka fito cikin dare da fitila da shebur suna jan mutane daga ƙarƙashin katanga, suna kwashe katifu da buhunan hatsi, suka buɗe zaurukansu aka kwana, ba waɗanda aka zauna tebur ɗaya da su a dina ba ne, mutanen layi ne, waɗannan dai da ake ganin za su ɓata hoton buki in an bar su sun shigo. Mutum ya yi ta ture su a ranar farin ciki, sannan yana sa ran ranar da gawa ke kwance a gidansa su ne za su yi wanka su haƙa kabari su zauna zaman makoki kwana uku. Har yau ban ji wanda ya kama sal don zaman makoki ba, a nan kowa ya san amfanin ƙofar gida da tabarmar maƙwabta.

Gyaran ba wani abu mai wuya ba ne in ana so. Masu unguwa da limamai su dawo da maganarsu a kan rumfa da hanya, ma'aikatar magajin gari ta sa lokacin da za a kashe sono ta kuma tsaya a kansa ko ɗan wa ke aure, kowace unguwa ta haɗa kuɗi ta sayi tukwane da kujeru da rumfa nata na aro kamar yadda wasu ƙungiyoyin mata suke yi da kuɗin adashinsu. Manyan gari kuma, alhazai da ma'aikata da ake kallo ana kwaikwayo, ɗaya daga cikinsu ya daure ya aurar da ɗiyarsa a tsakar gidansa da ƙofa a buɗe, ya bar tsofaffin unguwa su riƙe muciya, mu ga ko washegari za a rage masa daraja a kasuwa. Masu sal ba za su mutu da yunwa ba, ga tarukan bita na ƙungiyoyi da na ma'aikatu nan kullum ana yi, su riƙe waɗannan su bar mana suna da walima.