Armashin Kirsimeti bai mutu a Kaltungo ba

Wani rahoto ya ce wai tsadar rayuwa ta kashe armashin Kirsimeti a Gombe. Mai rahoton nan a kasuwa ya tsaya, bai leƙa gidaje ba. Gaskiya ne, tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ishe mu, bana ko ɗinkin yara ban yi ba. Amma mu goma sha biyu muka yi watandar bijimin sa, har maƙwabtanmu Musulmi sai da muka kai wa nasu kwanon. Ranar 25 ga Disamba cocinmu ya cika maƙil, zumuntar mata na ta waƙa, Mama da ta sha jinya ta miƙe ba sanda tana yi wa Allah godiya. Ɗan'uwa mai cewa ba kuɗi ba biki, ka zo Kaltungo ka gani kuwa?